Allon Kawunka Ya Maƙale a Larabci

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya tsare ku, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, ba ta warke ba, ba ta kashe ni ba. Yayarka ta zo da yara sun kwana biyu sun koma. Na kira wayarka har na gaji ba ta shiga, shi ya sa na ɗauki biro. Nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Rubutuna ka san shi, ka yi haƙuri ka karanta a haka.

Maganar kawunka ce. Ka san tun da ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa baki da hannun dama, ba shi da murya sai kwamfutar da ka bar masa. Hannun hagun ma rawa yake, ba ya riƙe biro, yatsa ɗaya ne ke aiki. Kai ka ce tunda ba zai iya danne maɓalli biyu tare don sauya harshe ba, ka shirya masa a baƙin allon nan da ake buga umarni. Ya buga ɗaya ya danna babban maɓalli, Hausa ta zo. Biyu Larabci, don addu'o'insa. Uku Turanci, don likita. Da haka muke zaune lafiya. Da shi yake ce mini shayi ya yi sanyi, da shi yake ce mini ƙafarsa na zafi, da shi yake tsokanata wai na tsufa na fi shi lalacewa.

To kwamfutar ta fara ƙugi kamar tsohuwar fanka, na kai wa mai gyara na bakin titi. Ya share ƙurar ciki, ƙugi ya tafi. Amma ya ce wai ya ga abubuwan ciki sun tsufa ya sabunta su. Ban sa shi ba. Da na dawo da ita kawunka ya buga biyu, Larabci ya zo. Ko kuma dama a Larabcin take, ban sani ba. Da ya gama ya buga ɗaya, sai wani layin Turanci ya fito, Hausa ta ƙi zuwa. Ya buga uku, layin nan dai. Nas ta karanta ta ce wai cewa yake bai san wannan umarnin ba. Yanzu duk abin da ya taɓa, baƙin Larabci ne ke fitowa daga dama, ba ma'ana.

Abin da ya tayar mini da hankali ba na'urar ba ce. Likita ya taɓa faɗa a gabansa cewa in ciwon ya sake bugowa, haruffa na iya rikice masa. Kawunka ya riƙe maganar nan. Da ya ga yana nufin abu wani abu na fitowa, sai ya ɗauka kansa ne ya tafi. Ya ture teburin, ya juya fuska bango. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar cokali kaɗan. Na jawo kujera gabansa na danna maɓallan da yatsana, abin da ya fito masa shi ya fito mini. Na ce masa to ko dai mu biyu muka shanye, ko na'ura ce ta lalace. Ya kalle ni irin kallon da yake yi mini tun muna yara in yana ganin lallashinsa nake. Ni kuwa ka san ban iya lallashi ba.

Likita zai zo duba shi farkon mako, kuma da rubutun nan yake gwada shi. Nas ta ce za ta yi bayani, amma in ya ga mutum ya daina ci ya daina amsawa, zai ce a mayar da shi asibiti. Kawunka in ya koma gadon nan ba zai fito ba, na san ƙanena.

Na koma wurin mai gyara, ya juya ta ya juya, ya ce shi irin wannan ta masu buga umarni bai saba da ita ba, in ina so ya goge komai ya zuba irin wadda ya sani. Na ɗauke kayata na fito. Don haka kai za ka faɗa mini abin da zan buga. Ka rubuto manya-manya, ka nuna inda ake barin fili, kada ka ce in shiga nan in fita can. Kuma ka yi tunani kafin ka turo: in dogon umarni ne na boko, da me zan buga shi, tunda bokon ne ya ƙi fitowa? Lambobi kaɗai ke zuwa daidai. Wannan ni ban san amsarsa ba, kai ka ɗaura abin, kai ka san bakin zaren. In ta gyaru, ka koya mini yadda zan mayar da ɗaya, biyu, ukun nan da kaina, don ba kullum wayarka ke shiga ba.

Ka gaishe da matarka, ka ce na ga zanin, ya yi. Ka gaishe da angona ƙarami, ka ce in bai fara tafiya ba na fasa auren. Yayarka da nas suna gaishe ka. Kawunka bai ce a gaishe ka ba, ba shi da abin faɗa da shi.

Na bar kwamfutar a kunne kusa da gadonsa, baƙin allon a buɗe. Tun yana yaro yake mini rashin kunya, ban taɓa zaton zan zauna ina jiran rashin kunyar nan tasa ba. Ka yi sauri.

Mahaifiyarka