Ɗinkin Anti Ya Buɗe

Yaya,

Wayarka ba ta shiga. Mun wuce asibiti da Anti, ɗinkin tiyatar haihuwarta ya buɗe.

Laifina ne. Takardar motsa jikin da mai horar da ni ta tsara mini na ba ta, don kullum kukanta tumbi ya ƙi komawa. Sai da mai horar da nin ta ja mini kunne cewa tsarin na jikina ne ni kaɗai, ban ji ba. Ɗazu tana ɗaga ƙarfe a falo na ji ihu, na tarar da jini har kan darduma.

Jaririyarku tana wurin maƙwabciya. Ka biyo mu da katin asibitinta, yana kan durowa.

Ta roƙe ni kar in faɗa maka dalili, wai kai ka fara yi mata tsiyar tumbin. To, na faɗa.

Ƙanwarka