Goben Jumare da Goben Iya Bisi

Jumare,

Na wuce kasuwar Mile 12, motar albasa ta iso, shi ya sa ban tashe ka ba.

Da sassafe Iya Bisi mai gida ta zo karɓar kuɗin wuta. Na ba ta nawa, ta tambayi naka, na ce mata "gobe", yadda ka saba ce min. Ashe a bakin 'yan Legas gobe rigima ce! Nan take ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, wai in fito a yi goben. Dole na biya maka.

Ka san sharaɗinmu, wanda aka biya wa sai a riƙe kayansa. Ƙafar saniyar da ka kawo daga abbatuwa tana hannuna. Kawo kuɗina da yamma ka karɓi abarka. In kuwa ka ce min gobe, irin ta Iya Bisi za ka gani.

Balarabe