Kujerar Abu Mazin a Bakin Kogi

Abul Khasib, 3 ga Yuli

Intisar, kar ki ce ban gargaɗe ki ba: 'yar da ke ba uwarta umarni daga Bagadaza, nata 'ya'yan na nan tafe. Bayan haka, assalamu alaikum. Ki gaida maigidanki.

Na dai bi maganarki. Tun da babanku ya zame a bakin kogi na hana shi zuwa kallon jiragen kaya. Yanzu a tsakar gida yake wuni. Da ya ji ƙahon jirgi sai ya miƙe: "Najiba, wannan da lodi yake, ruwa ya cika." Ni kuwa in ce, "Shekara talatin kana yi wa jirage jagora, Abu Mazin. Zauna."

Mahaifiyarki,
Najiba

Bagadaza, 11 ga Yuli

Umma, ina gaisuwa da ladabi. Wallahi ba umarni ba ne, tsoro ne. Likita ya ce in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. Ku kawo shi nan, akwai ɗaki. Jirgi ai ko a talabijin ya gani. Gonar dabino kuma Yaya Mazin ya isa da ita. Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Intisar

Abul Khasib, 29 ga Yuli

Intisar, gaisuwa mai yawa. Yayanki ya isa da gonar, ko? Ranar Talata ya ga jirage na haurowa, ya san teku ta turo ruwa kogi ya cika, sai ya buɗe magudanar gona don ban ruwa. Ruwan gishiri ne ya shiga. Dashen dabino goma sha huɗu sun ƙone.

Ashe ba kallo kawai babanku yake yi ba. In jirgi ya wuce sai ya durƙusa, ya ɗebi ruwa a tafi ya ɗanɗana, kafin ya ce a buɗe. Garin haka ya zame. Na ce, "Me ya hana ka faɗa mana?" Ya ce, "Hajiya, ana samun fili in kin fara magana?" Na ƙyale shi, don Mazin na wurin. Wanda ya raina zaman tsoho, da dukiyarsa zai biya kuɗin karatu.

Ki huta lafiya.
Najiba

Abul Khasib, 2 ga Agusta

Intisar, salamu alaiki. Ki sa wa ɗakinki buhunan shinkafa, babanku ba ya zuwa. Ga dokar gidan nan daga yau: in ruwa ya cika, Mazin ya kai kujera bakin kogi, ni in riƙe hannun tsohon. Da guga za a jawo ruwan, ba mai durƙusawa. Kuma ba mai taɓa magudana sai Abu Mazin ya ɗanɗana ya ce to.

Mahaifiyarki,
Najiba