Fuskata Ba ta Sayarwa Ba Ce

Ni, Fulgencio Arriaga, mazaunin Boyle Heights a Los Angeles, ina rubuta wannan da hankalina garau. Huhuna ne ya gaji, ba kaina ba, duk da abin da Ramiro ya raɗa wa likita a bakin ƙofa yana zaton barci nake. Zuwa ga 'ya'yana, Ofelia da Ramiro da autata Nayeli.

Na farko. Gidan nan na ku ukun ne, kuma kada a sare lemun tsamin da marigayiya mahaifiyarku ta shuka. Mota ta Nayeli ce. Babbar tukunyar dafa tamale, alalan masarar nan namu, ta Ofelia ce, don ita kaɗai ta iya, sauranku kwaɓa kawai kuke yi.

Na biyu. Kayana na wasan kwaikwayo duka a kai su ƙaramin gidan wasan unguwarmu, inda na fara. A kan dandamalin nan na yi sarki, na yi mahaukaci, na yi fada na coci, na yi tsohuwa da gyale har mahaifiyarku ta zame daga kujera don dariya. A can ne kaɗai aka taɓa tambayata me zan iya. Masu fim da talabijin kuwa, su dubi fatata su miƙo mini bindiga ko almakashin aske ciyawa, wato in fito a ɗan daba ko mai aikin lambu. A garin nan aka yanke mini cibiya, da Turancinsu na tashi, amma sai yaron darakta da bai kai ɗan cikina ba ya tsaya riƙe da kofi yana cewa in karya harshe kamar baƙo, wai ban yi kama da mutanenmu da suka ƙetaro iyaka daga kudu ba. Shi zai koya mini mutanenmu! Tir. Na karya ɗin, kun ci kun yi karatu, ba na neman gafarar kowa.

Na uku, kuma shi ne ya tashe ni zaune. Ramiro, na san su wane ne mutanen da ka kawo ranar Lahadi suka kewaye ni da kyamarori, suna cewa in yi fushi, in yi dariya, in juya hagu. Ka ce mini don jikoki su riƙa ganina ne. Da kunnena na ji ɗayansu yana waya a baranda, wai tsohon zai dace da shugaban 'yan ƙwaya. Ashe kamfani ne mai son fuskata da muryata, su ɗura a kwamfuta su riƙa sa ni wasa bayan an binne ni. Ban sa hannu ba, kuma na haramta wa kowa ya sa a madadina.

Ina raye ko banza ina da bakin cewa a'a, kuma na sha ajiye musu bindigarsu in kama hanyar gida. Abin da za su ƙera ba shi da a'a. Za su sa shi ya mari mace, ya sayar wa yara guba, da idon ubanku da muryar da ta yi muku waƙar barci. Da yayarka ta yi maka magana ka ce, “Ai Baba ba zai sani ba.” Haba Ramiro. Wallahi abin ya ba ni ƙyama, ko yanzu na tuna sai abinci ya fita raina.

Na huɗu. Ofelia, ki daina kiran ƙanenki ɓarawo a gaban 'ya'yansa. Garejinsa na gyaran mota yana neman durƙushewa, tsoro ne ya kai shi, kuma na san irin tsoron nan. A kwashe lambobin yabon da ke kan talabijin da agogona a sayar a ba shi. Dama ƙura kawai suke tarawa. Ki buɗe masa ƙofa ranar Kirsimeti.

Na biyar. Ranar Matattu, bikin nan namu na shekara-shekara, in kun shirya teburin tunawa da furanni da kyandir, kada in ga hotona ɗin nan mai gashin baki da bindiga da mutane ke kawo mini in sa musu hannu. A sa wanda Nayeli ta ɗauka ina cin masara, miya a rigata.

An harbe ni a fim, an jeho ni daga bene, an nutsar da ni, kullum sai a ce a sake, in miƙe in kakkaɓe wando in sake mutuwa. Wannan karon kada kowa ya tashe ni.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku naku. Ku riƙe juna, ku ci abinci a tebur ɗaya ko kuna fushi. Ramiro, kai za ka riƙe gaban akwatin gawata, ɗana. Kai kuma za ka kira mutanen nan da bakinka, ka ce musu ubanka ya mutu, ya tashi daga aiki.