Ruwan da Ya Rako Ni

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Yaya Lupita da yara? Ni lafiya lau a wannan jirgin ruwa da nake aiki, sanyi ne kawai.

Da za mu baro garinmu Veracruz, jirginmu ya ɗebi ruwan tekun tasharmu a cikinsa don ya zauna daidai. Doka ta hana kai shi wata ƙasa, kada halittun cikinsa su ɓata musu teku. Jiya a tsakiyar teku aka sa ni na zubar da shi.

Maigidana ya ce, "Kai Eusebio, ruwa kake yi wa kuka?"

Na ce iska ce.

Mama, a ruwan nan Baba ya koya mini iyo, kuma shi kaɗai ya rako ni daga gida. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Eusebio