Shagon da Malam Usaini Ya Bar wa Makaranta

Maamobi, Accra

Yaya Jalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da jama'ar masallacinka na Bawku. Na ba Ɗanbala direba takardar nan don maganar ba ta waya ba ce, mijina yana jin komai daga kan gadonsa. Ƙodar ce har yanzu, jiki ya ƙi daɗi.

Ka tuna taron tsofaffin ɗaliban ma'ahadinku na unguwar Nima, da ku matasan limamai kuka yi alkawarin bar wa makarantar wani abu bayan ranku? Mijina Malam Usaini ya yi wa makarantar wasiyya da shagon gaban gidanmu, inda nake sayar da garin rogo da shinkafa. Ban hana ba, a can aka ciyar da shi aka karantar da shi kyauta.

Jiya Ustaz Ramadan mai riƙe da makarantar yanzu, ɗan malaminku marigayi Shehu, ya zo dubiya. Ya yi addu'a a gurguje ya fito. Ashe da mai awon gini ya zo. Ina tsugune ina wanke kwanon da mijina ya yi amai a ciki, su kuma suna auna bangon shago. Har cewa Ustaz ya yi in ɗan matsar da buhu.

Ƙanwarka,
Mariam

*

Bawku

Zuwa ga ƙanwata Mariam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne.

Ina roƙonki ki kyautata zato. Ɗan malaminmu ne, ba ya kyautuwa mu yi saurin zarginsa. Wataƙila lauya ne ya nemi awon don a kammala takardu. Ni ma na wasiyyanta gonata ga makarantar, kuma ban yi nadama ba. Ki daure, kada ki faɗa wa marar lafiya.

Wassalam,
Jalilu

*

Maamobi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ba sai na faɗa masa ba, ya ji ƙarar igiyar awon da kunnensa.

Na bi shawararka na kyautata zato har zuwa unguwar Tudu. Ka san marigayi Malam Saddique, abokin karatunku, ya bar wa makarantar ɗakinsa na can don a riƙa ciyar da ɗalibai da kuɗin haya. Na je na gani da idona. An sayar. Gidan cacar ƙwallo ne yanzu, samari cike suna ihu, ƙasa duk tofi da guntun sigari. Matarsa na kwana a barandar ƙanwarta da yara biyu. Na biya ta ma'ahadin, na tarar ɗalibai na jiƙa gari da ruwa, ko sukari babu, ga sabuwar motar Ustaz an lulluɓe ta kada rana ta taɓa.

Na ce wa Malam ya soke wasiyyar. Sai ya ce, "Ba Ramadan na ba, Mariam. Yaran da ke shan garin na ba."

Haushinsa ma nake ji, Allah ya yafe mini. Idan ya tafi, da me zan ciyar da nawa yaran?

Mariam

*

Bawku

Ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata gare ku. Na kira mutane a Tudu, duk abin da kika faɗa haka yake. Ranar da na ji, da ƙyar na ja jam'i.

Usaini yana da gaskiya, ke ma kina da ita. Ga abin da shari'a ta yarda da shi: ya janye wasiyyar, ya mayar da shagon wakafi tun yana raye, gaban shaidu da lauya. Ya gindaya sharaɗi cewa amfaninsa naki ne muddin kina numfashi, bayan nan a ciyar da ɗalibai, ba a sayarwa, kuma tsofaffin ɗalibai ne masu kula, ba shugaba ba. Ku gaggauta. Haka zan yi da gonata, na kuma rubuta wa sauran 'yan ajinmu.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Jalilu

*

Maamobi

Yaya,

Na san ka ji a waya, Malam ya cika ranar Alhamis. Ya sa hannu a takardar wakafin kafin jikin ya rikice, limamin unguwa da lauya na nan.

Ustaz Ramadan ya zo gaisuwa, ya yi dogon wa'azi a kan sadaka mai gudana har wasu suka yi hawaye. Da zai fita ya tsaya bayan labule, ya rage murya, ya tambaye ni yaushe zan gama takaba don a san ranar karɓar makulli.

Na ce, "Ustaz, an sauya takarda. Yanzu tawa mutuwar za ka jira, kuma alhamdulillahi lafiyata ƙalau."

Ka zo addu'ar arba'in. Ka gaida Yaya Zuera da yara.

Ƙanwarka,
Mariam