Mai Karanta Baba

Thunder Bay, 2 ga Oktoba

Yaya Marit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Calgary? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ke motsa masa.

Har yanzu ban sami aiki ba tun da na karɓi digiri, ina gida tare da shi. Kin san tun rasuwar Mama ba ya hira da kowa sai talabijin. Shi ya sa na buɗe masa bulog, wato shafinsa na kansa a intanet, ya riƙa rubuta labaran kamun kifi. Na nuna masa maɓallin ajiyewa, wanda shi kaɗai zai ga rubutun, da na wallafawa, wanda kowa zai gani. Na nuna masa ƙasan rubutu, inda masu karatu ke barin sharhi. Da yatsa ɗaya yake bugawa, harshe a waje.

Sharhi kuwa ya fara zuwa, daga wani Brandon: "Rubutu mai kyau, na ƙaru ƙwarai, leƙa shafina." Yaya, yanzu Baba sai ya yi aski kafin ya zauna gaban kwamfuta. Yana ba Brandon doguwar amsa, har ya gayyace shi kamun kifi ta ramin ƙanƙara idan tafki ya daskare.

Na bincika sosai. Brandon ba mutum ba ne. Sifam ake kiran wannan: na'ura ce ke watsa jimla guda a shafuka barkatai, don a latsa sunan a faɗa kan talla. Akwai wata matatar sharhi da zan kunna ta tare shi, amma in na kunna, shafin ba kowa ke nan.

Don Allah ki karanta, ki bar masa sharhi na gaske. Rubutun wannan mako a kanki ne.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Tuula

Thunder Bay, 17 ga Oktoba

Yaya Marit,

Ina gaishe ki, ina fatan murar ƙaramin ta sake shi. Mun yi kewarku ranar bikin godiya, amma gara da ba ku zo ba.

Ƙanen Baba, Baffa Reino, ya zo da iyalinsa. Ana cikin yanka talotalo Baba ya ɗauko kwamfuta, wai zai nuna abokinsa. Baffa ya ce, "Iye, Veikko! Mutumin da bai taɓa rubuta katin Kirsimeti ba, yau shi ne marubuci? Kawo mu ga Brandon ɗin." Ya latsa sunan, tallan maganin gwiwa ya cika allo. Bai tsaya nan ba. Ya gangara har rubutun da Baba ya yi kan ranar binne Mama, ya tarar da jimlar nan a ƙasa, ya karanta da ƙarfi.

"Ka ji, ya ƙaru ƙwarai da mutuwar Helmi! To ranar kamun kifin, ƙugiya za ka tanadar masa ko soket ɗin lantarki?"

'Ya'yansa suka fashe da dariya, ɗaya har da ƙwarewa.

Baba bai dube su ba, ni ya duba. Ya ce, "Auta, ke kika yi karatu. Mutum ne?"

Na ce a'a. Kin san bakina idan na tsorata, ba ya tsayawa. Na yi masa bayanin yadda ake gane su: suna yabo, amma ba sa ambatar ko abu ɗaya daga cikin rubutun, don ba sa karantawa. Ya gyaɗa kai, ya rufe kwamfutar, ya miƙa wa Baffa dankali.

Sharhinki ya iso ranar Talata. Ga shi yadda kika rubuta: "Rubutu mai kyau, Baba, ci gaba!" Rubutun kuwa kan ranar da kika kama kifinki na farko ne, kina kuka wai a mayar da shi wurin uwarsa, Baba ya cire ƙugiyar ya mayar. Kwana da kwanaki ya yi yana gyara shi. Shafin yana nuna daga wane gari aka shigo da tsawon zaman mai karatu. Na duba na Calgary. Bai isa a karanta sakin layin farko ba.

Jiya Baba ya kira ni ɗaki, da gemun da bai aske ba tun ranar bikin. Ya nuna mini sharhinki, ya kai kibiyar allo da kansa kan maɓallin da ke jefa sharhi cikin sifam, ya latsa. Ya ce, "Kin ga na iya yanzu. Bai ambaci kifin ba. Mugaye, har sunan 'yata suka sata."

Ya daɗe yana kallona, yana jira. Ban gyara masa ba.

Kada ki sake aiko wani, zai gane. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Tuula